Hannun Amarya da Jan Soso

Shekara ashirin ina yi wa amaren ƙauyenmu Jambiani na bakin teku lalle, ba a taɓa kawo ƙarata ba sai a bikin Mashavu. Na zana mata da yamma, washegari da hantsi aka aiko kirana. Na tarar hannayenta sun kumbura sun yi jawur, tana susa tana hawaye.

Bi Kidawa, gwaggon ango, ta tare ni a bakin ƙofa. "To, gwanar lalle, me kika zuba a ciki? Yau sai ƙauyen nan kaf ya ji."

In maganar nan ta fita, ba mai sake miƙo min ko ɗan yatsa, kuma da wannan sana'ar nake ciyar da 'ya'ya huɗu. Na rantse, na ƙara rantsewa, ba wadda ta saurare ni.

Ana cikin haka Bi Tatu ta shigo, tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a noman soson teku. Ta juya hannun amaryar, ta duba tsakanin yatsu inda lallena bai taɓa ba. Nan ma ƙurajen suka fi yawa. Ta duba ƙafafun, kwaɓi ɗaya na yi musu da hannayen, amma lafiya lau.

"Ke 'yar nan, kin shiga ruwa?"

Kowa ya san amarya ba ta leƙa ko ƙofar gida sai an kai ta ɗakinta. Mashavu ta sunkuyar da kai. Ashe da asuba da ruwa ya janye ta sulale ta je duba igiyoyin da ita ma take noman soso a jikinsu a teku, wai kwana bakwai ba a wanke su ba. Ta ga wani jan soso manne a dutsen da ta ɗaure igiya, ta sa hannu ta ɓamɓare shi.

"Kai! Wanda ko kifi ba ya kai masa baki?" in ji Bi Tatu. "Shi ba ƙafar gudu ba haƙori, da me kike so ya kare kansa in ba dafi ba? A kawo ruwan tsami a wanke mata hannun. Kwana uku ya saɓe."

Na zauna daɓas a ƙasa, dariya da kuka suka haɗe mini. Bi Kidawa ta yi ta gyaran mayafi. Can ta yi magana, idonta na kan bango.

"Bikin jikata watan gobe ne. Kada ki karɓi na wasu a ranar."