Zubairu Ba Ya Tsayawa a Hanya

Kowane rani shanun Zubairu a gonata suke kwana, nan bayan garinmu Kona. Su ci kara, su bar mini taki. Haka ubansa ya yi da ubana, don haka in na ce na san mutumin nan, na san shi har taurin kansa.

Shekarar korona ce ta kayar da shi. Muka kai shi asibitin Tasawa a amalanke, daga can aka wuce da shi Maraɗi, aka sa masa iska a hanci. Ya dawo da ransa, alhamdu lillahi, amma numfashin can ya baro shi. Mutumin da ke yini bayan shanu bai zauna ba, yanzu daga bukkarsa zuwa turken maruƙa sai ka ji ƙirjinsa na kuka.

Da muka koma Tasawa, lokotoro, wato likitan, ya yi mana bayani tsaf. Ya ce ciwon ya wuce, huhu da ƙafafu ne suka yi sanyi, kwanciya kuma ƙara kashe su take yi. Ya riƙa tafiya kullum, kaɗan-kaɗan. In haki ya taso ya tsaya, ya dafa gwiwa, ya shaƙa ta hanci, ya fitar ta baki a hankali kamar mai hura kunu. In ya lafa ya ci gaba. Ya ce tsayuwar ita ma cikin maganin take.

To, nan ne abin ya tsaya mana. Hanya ɗaya ce daga ruga zuwa rijiya, kuma ta ƙofar surukinsa ta bi, baban matarsa Mardiya. Zubairu ko ruwa ba ya sha a gaban tsohon nan, balle ya tsaya yana haki baki buɗe.

"Na Allah," ya ce mini, don haka ake kirana, "in tsaya gabansa ina lallage harshe kamar kare? Gara in mutu."

"Kai dai Bafillace ne har ƙashi! To, bi ta cikin gonata mana."

"Mata na tsintar kara can."

Ko'ina dai akwai ido. Sai ya daɗe bai fita ba. Ran da zuciya ta ɗebe shi kuma, ya ɗauki sanda ya je rijiya ya dawo a miƙe, ba tsayawa, yana amsa gaisuwa kamar ba abin da ke damunsa. Yana shiga bukka ya zube, Mardiya na yi masa fifita tana kuka. Sai kuma wata doguwar kwanciya. Na yi faɗa, na yi lallashi, har cewa na yi zan riƙa raka shi, in riƙa tsayawa kamar ni ne na gaji. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Haushinsa nake ji, wallahi, amma tausayi ya fi yawa.

Ga damina na matsowa. Da ruwan shuka ya sauka, dole shanu su bar mana gonaki su yi arewa. Wanda ba ya iya bin su kuwa, gida ake barinsa da tsofaffi da awaki. Zubairu bai taɓa yin damina a gida ba tun da ya iya riƙe sanda. Ƙanensa Sama'ila ya ce shi zai kai garken. Zubairu ya ce a'a, Sama'ila dai ya biyo baya, shi zai ja gaba.

Ranar tashi da safe, ruga duk ta fito rakiya, har tsohon. Zubairu ya ɗora sanda a kafaɗa, ya shiga gaba, ya kira shanunsa. Kiran bai kai ƙarshe ba, amma suka taso. Ya wuce ƙofar surukin kai a sama. Da hanya ta fara hawa tudun yashi sai na ga tafiyar ta ragu. Na ce a raina, ya Allah.

Ya tsaya. Sandar ta faɗi. Ya duƙa ya dafa gwiwoyinsa a gaban kowa da kowa, yana jan iska ta hanci, yana hurawa ta baki. Tsohon ya kau da kai, matan suka sunkuyar da nasu.

Shanu kuwa ba su tsaya ba. Suka rabu biyu, suka wuce shi dama da hagu. Sama'ila ya ruga ya sha gabansu, ya yi kira, suka bi shi.

Na je na tsaya kusa da shi. Bai iya ɗago kai ba. Da ƙyar maganar ta fito, guntu-guntu.

"Na Allah... duba mini... akwai wadda ta waiwayo?"

Na duba. Wutsiyoyi kawai nake gani suna gangarawa bayan tudu.