Hannun da Ya Ƙi Yi wa Baba Aski

Hannuna na dama a kan Baba ya fara yi mini tawaye, kuma a kansa kaɗai. Ni mai aski ne, shekara da shekaru ina wannan sana'a a ɗan shagona mai kujera biyu da dogon madubi. Na aske yara masu tsala ihu, na gyara gemun tsofaffi masu gyangyaɗi, hannun nan bai taɓa ba ni kunya ba. Amma ran nan da Baba ya zauna, na ɗaura masa ƙyalle a wuya, na kunna inji, sai yatsuna suka saki. Injin ya faɗi ƙasa yana ta karkarwa a kan siminti.

"Har yau ba ka iya riƙe abu ba," in ji Baba, yana kallona ta madubi.

Baba tsohon hedimasta ne. An yi masa ritaya, amma shi bai yi wa kansa ba, duk inda ya zauna nan ne aji. Dogo, abokin aikina, shi ya yi masa askin. Baba na fita hannu ya dawo garau, na ci gaba da aiki har yamma. Da ya sake zuwa, hannu ya sake mutuwa. Abin ya ba ni tsoro ƙwarai, domin da wannan hannun nake ci da iyalina.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini, aka ce lafiyata ƙalau, sannan aka tura ni wajen likitar ƙwaƙwalwa. Na shiga ɗakinta fuska a murtuke. Babu gado, babu allura, kujeru biyu ne kawai da wata fanka mai ƙara.

"Likita, ni fa hannu na kawo, ba kai ba."

"Na ji, Malam. Me ya faru a gida makon da abin ya fara?"

Na ce babu komai. Ta zuba mini ido tana jira. Sai na ce to, sai dai Auta, 'yata, da ta shiga makaranta. Baba ya zo ya tarar tana aikin gida da hagu, ya fizge fensirin ya danƙa mata a dama. Ya ce daga yanzu in an tashi makaranta a kai masa ita, zai miƙar da ita yadda ya miƙar da ubanta.

"Kai me ka ce?"

"Na ce to."

"Kai ma bahago ne ke nan."

"Da can."

Na ba ta labarin yadda Baba yake ɗaure mini hagu a jikin kujera da igiyar shanya, har sai na cika shafi da dama. Ina faɗa ina dariya, domin a gidanmu labarin ban dariya ne. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ce zuciyar mutum kamar gida take: falon da muke zama kaɗan ne, akwai sito a baya inda muke jibge abin da ba mu iya kallo, har mu manta mun ajiye. Ta ce a cikin kowa akwai mai so, wanda abin da yake so kawai ya sani. Akwai mai tsawa, wanda yawanci da muryar iyaye yake magana. Akwai kuma na tsakiya, mai wahalar sasanta su. Idan baki ya ce to, alhali can ciki an ce a'a, wani lokaci jiki ne yake faɗar a'ar.

Nan fa zuciyata ta tafasa. "Wato ƙin ubana nake yi? Mutumin da ya ci da ni, ya sha da ni?"

"Ban ce kana ƙin sa ba. Ana iya son mutum, ana kuma jin haushinsa."

Na miƙe na bar mata ɗakin, ko sallama ban yi ba. Kwana da kwanaki ina rigima da matar nan a raina, ina aski ina ba ta amsa, kuma kullum ni nake cin nasara tunda ba ta wurin. Ita kuwa Auta tana ta zuwa darasi wajen Baba. Yarinyar da ta cika mana bango da zanen kyanwa ta daina taɓa fensir sai dole. Uwarta ta ce mini, "Kai ne ubanta. Ni ba zan yi sa-in-sa da surukina ba." Na ce mata ta bar maganar, Baba ya san abin da yake yi.

Wata ranar da yamma Baba ya zo aski, ya taho da Auta daga darasi. Ta gaishe ni a hankali, ta hau bencin jira, ta buɗe littafinta a cinya. Na ɗaura wa Baba ƙyalle. Ina miƙa hannu ga inji, yatsu suka yi sanyi kamar kullum. Dogo ya matso zai karɓa.

A madubi na hango ta. Ta cusa hannunta na hagu a ƙarƙashin cinya ta zauna a kai, tana jan fensir da dama, harshe a waje. Babu wanda ya ce ta yi, babu igiya a shagon. Ita da kanta take danne shi. Na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba.

"Bari, Dogo," na ce. Na ɗauki injin da hagu, na kunna. Ya zauna daram.

Baba ya zaro ido. "Da wannan hannun za ka taɓa mini kai?"

"Shi ne yake aiki, Baba."

"Ajiye shi."

"Ka yi haƙuri, ba zan ajiye ba. Kuma Auta ta gama darasi daga yau. Abinci za ta ci da dama, za ta gaisa da dama, wannan na yarda. Rubutu kuwa da hannun da aka halicce ta da shi za ta yi."

Ban janye ko kalma ɗaya ba. Injin yana ta ƙugi a hannuna.

"Ni kake faɗa wa haka? Ba don ni ba, da ka zama mutum?"

"Na gode da duk abin da ka yi mini, Baba. Amma wancan ɗaurin ya yi mini ciwo, kuma ba za a yi wa 'yata ba."

Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka zai ɗaga hannu, na kuma shirya in tsaya ya mare ni a gaban kowa. Sai ya kwance ƙyallen da kansa, ya ninke shi tsaf, ya ɗora a kujera, ya sa hularsa ya fita da gashinsa yadda ya shigo. Na san zai daɗe bai amsa gaisuwata ba, kuma abin zai dame ni, domin ubana ne kuma ina son sa.

Na kashe injin, na je na durƙusa gaban benci.

"Auta, tashi daga kan hannun nan."

Ta dubi ƙofa, ta dube ni. "Kaka zai yi faɗa."

"Da ni zai yi. Ciro shi."

Ta zaro shi a hankali. Duk ya yi shatin katako, ya mutu don nauyi, tana ta yarfe shi. Na riƙe shi ina murza mata yatsu har jini ya dawo.