Butar da Babu Ruwa

Tsuruta ta tsayar da shi a bakin ɗaki na goma sha huɗu a asibitin, ta sa hannu ta gyara masa wuyan riga, ba ta ko kalli fuskarsa ba.

"Shugaba, maimaita mini. Me za ka ce?"

"Na yi baƙin cikin abin da ya faru."

"Me ba za ka ce ba?"

"Laifina ne."

"Yawwa. Ka rusuna, ka ƙirga biyar a zuci, ka ɗago. Kada ka kai goma, goma ta masu laifi ce. Takardar kuma ka bar mini, ni na san lokacin fito da ita."

Tsuruta ta yi shekara talatin da biyar tana aikin lauya, ta girmi uwar da ta haifi Itsuki Kuwahara, amma Shugaba take ce masa, tana jan kalmar kaɗan yadda ba za ka iya cewa girmamawa ce ko tsokana ba. Takardar da ke jakarta layi huɗu ce. Tana cewa na'urar kamfanin ta yi aiki yadda aka ƙera ta, iyalin tsohuwar da ke kwance a ɗakin kuma ba su da ƙorafi. Ranar Litinin gwamnatin lardi za ta sa hannu a ba kamfanin kwangilar garuruwa arba'in, amma tun da labarin tsohuwar ya fita a jarida aka ce ba za a taɓa alƙalami ba sai an ga hatimin iyalinta a kan takardar nan. Yau Juma'a.

Shekara shida da suka wuce, a wani ɗakin haya mai faɗin tabarma shida kacal a Tokyo, Itsuki ya bar jami'a ya zauna yana liƙa wani ɗan ƙarfe kamar marfin kwalba a gindin butar lantarki. Dabarar ba ta da wuya. Ba tsohon da zai wayi gari bai dafa ruwan shayi ba. In ya kunna buta, ɗigo ya yi kore a wayar 'ya'yansa da ke birni. In ƙarfe goma ta wuce bai kunna ba, ɗigon ya yi ja, ofishin ƙauye ya tura mutane. Ya sa wa kamfanin suna Tururi. Mujallu suka buga hotonsa rungume da buta. A wata hira ta talabijin, daɗin tafi ya kwashe shi ya ce maƙwabci tsohuwar na'ura ce da ta gama yayi. An zage shi mako biyu, ciniki kuma ya ninka. Ƙauyuka da dama suka daina zagayawa da allon sanarwa daga gida zuwa gida, wanda a da shi ne dalilin ƙwanƙwasa ƙofar kowa sau ɗaya a mako.

Suka shiga. Tsohuwar, Fusae Nagumo, mai shekara tamanin da huɗu, tana kwance an ɗaure mata kwankwaso, ba ta fi girman yarinya a ƙarƙashin bargon ba. 'Yarta Mineko tana zaune a gefen taga da jaka a cinya. Ba ta tashi ba.

Itsuki ya rusuna. Bai kai uku a ƙirgarsa ba sai ya ji gado yana ƙara. Tsohuwar ce ke ƙoƙarin ɗagowa ta rama.

"Inna, likita ya ce kada ki motsa!"

"Bari ni. Mutum ya taso tun daga Tokyo cikin dusar ƙanƙarar nan." Ta juyo da kai. "Kai ne mai butar? Na ɗauka wani tsoho ne mai sanƙo. Dubi wuyanka kamar tsinke. Ba a ba ka abinci a can?"

"Ana ba ni, Kaka."

"Ka yi haƙuri fa. Na ɓata maka suna a jarida."

Itsuki ya buɗe baki zai faɗi jimlar da ya haddace, Mineko ta riga shi.

"Shi ne ai," in ji Mineko, tana kallon taga. "Shi ne mai cewa maƙwabci tsohuwar na'ura. To tsohuwar na'urar ce ta lura ba sawun ƙafa a ƙanƙarar ƙofar gidanmu. Oyanagi, shekararsa saba'in da tara, shi ya fasa taga da shebur. Kwana shida tana ƙasa tun da ta faɗi. Ni kuwa kullum da safe ina tsaye a jirgin ƙasa, in duba waya in ga kore, in ce Inna ta sha shayinta."

Tsuruta ta ajiye kwalin alewar da suka kawo, ta yi magana a hankali. "Abin da muka kasa ganewa ke nan, Kaka. Kin san in ba ki kunna ba za a zo kafin azahar. Me ya sa kika ci gaba da kunnawa?"

Tsohuwar ta dube ta kamar an tambaye ta me ya sa ake cire takalmi a bakin ƙofa.

"Ke ba a ƙauye kika tashi ba, ko? Bara da kaka na fita da sassafe tonon dankali, na manta ban kunna ba. Ina dawowa na tarar da motar kwana-kwana a ƙofar gida, maza shida, har da ɗan ofis da ya bar jana'izar surukinsa. Gida goma sha bakwai na bi da tawul ina ba da haƙuri. Kwana biyu na yi ina yi, da ƙafafun nan. Na ce ba zan ƙara ba." Ta huta. "Ga shi kuma makon jarrabawar jikana ne ta shiga jami'a. Da ɗigon ya yi ja, da wannan ta baro yaro ta hawo jirgi. Na ce bari a gama jarrabawa tukuna. Butar tana nan kusa da teburin da nake ɗumama ƙafa a ƙarƙashinsa, rarrafe kaɗan ne. Akwai lemu a kwando. Ban sha wata wahala ba."

"An yanke mata yatsun ƙafa biyu," in ji Mineko.

"Ƙananan ne. Ba na amfani da su."

Ba wanda ya yi dariya sai ita. Tsuruta ta ga lokaci ya yi, ta zaro takardar da hannu biyu, ta ɗora a kan teburin gado. Ta yi bayani cikin taushin murya: kamfani zai ɗauki nauyin jinya, ba wanda ke zargin kowa, na'ura ta ga an kunna buta ta faɗi abin da ta gani. Mineko ta karanta sau biyu. Gajiya ta fi fushi yawa a fuskarta. Ta fara buɗe jakarta za ta ɗauko hatimi.

"Ba haka ba ne," in ji Itsuki.

"Shugaba yana nufin…"

"Ina nufin abin da na faɗa, Tsuruta." Ya dubi Mineko. "Daga rana ta uku ruwan butar ya ƙare. Na duba da kaina. Ana kunnawa, ta yi daƙiƙa arba'in, ta kashe kanta saboda ba ruwa. Kwana huɗu a jere. Na'urar ta gani. A da, in ta ga haka, tana aika gargaɗi."

Hannun Mineko ya tsaya a cikin jaka. "A da?"

"Tsofaffi na yawan kunna buta ba ruwa bisa kuskure. Ofisoshin ƙauyuka suka yi ta ƙorafi ana tayar da su a banza, mu kuma muna neman kwangilar lardi. Na ce a cire gargaɗin. Wani injiniya ya ce kada a cire, na ce masa in ba zai iya ba akwai masu iyawa. Ya ajiye aiki. Ni na cire da hannuna, a watan Afrilu."

Ya rusuna, bai ƙirga komai ba. Yana ganin takalman roba na asibiti a ƙafarsa, yana jin ɗigar ƙarin ruwan da aka rataya wa tsohuwar.

"Wato tun rana ta uku," in ji Mineko. Ta miƙe. "Yatsunta a rana ta biyar suka mutu, likita ya ce. Ka zo da alewa da takarda." Ta kai hannu ga takardar.

Tafin tsohuwar ya riga ta, ya danne.

"Miƙo mini jakata."

"Inna."

"Mineko, miƙo mini jakata, ba na son maimaita magana a gaban baƙi." Ta lalubo ɗan kwanson hatiminta, wanda fatarsa ta goge har ta yi baƙi. "Kai, ɗago kanka, jini zai taru maka a fuska. Mutum nawa ke aiki a wurinka?"

"Ɗari da ashirin."

"Kin ji? Ɗari da ashirin, da matansu da 'ya'yansu, saboda tsohuwa ɗaya da ta kasa sauka matakala uku. Da wane ido zan kalli mutane?"

"Kaka, ina roƙonki, kada ki buga. Ba don ki buga na faɗa ba."

"Ai na ji. Yaron kirki ne kai, sai dai surutu." Ta danna hatimin a jar tawada, ta nemi wurin da yatsa, ta buga, ta ɗan jujjuya shi yadda zai fito sosai. Mineko ta ɗauki jakarta ta fita, ta ja ƙofar a hankali saboda marasa lafiya.

Tsohuwar ta goge hatimin da gefen takardar hanci. "Kuma kada ka wahalar da kanka ka mayar da gargaɗin nan. Sai mu riƙa ajiye kwalbar ruwa kusa. Ai ba ni kaɗai ba ce. Tun abin da ya same ni bara muka yi maganar a taron tsofaffi. Ko me ya same ka, ka danna butar tukuna, sauran ya biyo baya. Har ƙauyukan da ke hayin kogi sun ɗauka."

A tashar jirgin ƙasa rana tana kan ƙanƙara, hasken yana sukan ido. Tsuruta ta jira tawadar ta bushe kafin ta sa takardar a jaka ta ja zik.

"Ka yi iya yinka ka ɓata, amma an samu abin da aka zo nema. Litinin ƙarfe goma. Ka sa baƙar rigar nan, ta fi yi maka kyau a hoto."

Itsuki ya buɗe taswirar kamfani a wayarsa. Gidaje dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu, kowane lungu kore, ba ja ko ɗaya. Ya nemo waɗanda butarsu ta mutu da kanta a daƙiƙa arba'in yau da safe. Gida bakwai. Biyu daga ciki jiya ma haka. Ya taɓa na farko, sunan wani dattijo ya fito, shekara casa'in da ɗaya, shi kaɗai a gida.

Tsuruta ta leƙa, ta ga abin da ya gani.

"In ka kira, ka sani ke nan," ta ce. A karon farko ba ta ce Shugaba ba. "Ranar Litinin ba ni da yadda zan ce ba ka sani ba."

Ya danna lambar, ya kai wayar kunnensa. Jirgin Tokyo ya shigo ya tsaya, ƙofofi suka buɗe, mutane suka sauka suna karkaɗe huluna. Tsuruta ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta waiwayo. A can ɗaya ɓangaren, a cikin wani gida da bai taɓa gani ba, waya tana ta ƙara.