Hannun Baba Yamusa

Hajiya Nabilah ta karanta takardar har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake farowa daga sama. Lydia na tsaye gaban teburin, hannayenta a baya kamar 'yar makaranta.

"Zauna mana, kin tsaya mini a ka."

Lydia ta ɗosana a bakin kujera. Shekara uku ke nan tana aiki a ƙarƙashin matar nan, a sashen kula da ma'aikata na wata hukumar tarayya, amma ba ta taɓa zama a wannan kujerar ba.

"Wani ne ya ɓata miki rai?"

"A'a, ma."

"To aure ne?"

"A'a, ma. Aikin bishara zan tafi. Mishan ta buɗe makarantar kurame a wani ƙauye kan duwatsun Taraba. Yaran sun haura talatin, malami ɗaya ne, shi ma ya tsufa."

Hajiya ta jingina da kujera ta daɗe tana kallonta. "Lydia, kin san mutum nawa ke hawo benen nan kullum, wani har da wasiƙar manya, suna neman abin da kike son ajiyewa?"

"Na sani, ma. Ni nake karɓar takardunsu."

Hajiya ta yi 'yar dariyar da ba ta shirya ba. "Ni Musulma ce, ba zan ce na gane komai ba. Amma abin da ya shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa, ba na sa baki. Tambaya ɗaya: mahaifinki ya sani?"

Lydia ta sunkuyar da kai.

"Na ce ba!" Hajiya ta ja durowa ta jefa takardar ciki. "Nan za ta zauna har Litinin. Dattijon da ya tako har ofis ɗin nan da doya yana mini godiya, ba zan sa hannu a bayan idonsa ba. Tashi ki je gida, yau na sallame ki da wuri."

Motar haya ta maƙale a cunkoson Nyanya, rana na dukan gefen da Lydia take. Ta rungume jakarta a ƙirji. A ciki akwai fom ɗin mishan, ta cike komai tun makonni biyu da suka wuce, saura layi biyu a ƙasa. Ɗaya na shugaban kwamitin bishara na ikilisiyarsu ne, ɗaya na mahaifi. Mutum ɗaya ne zai cike duka biyun.

Tana kallon masu tallar ruwa suna ratsa motoci, sai Ebenezer ya faɗo mata a rai. Ƙanenta ne, shi ke bi mata. Sanƙarau ya ɗauke masa ji yana ɗan shekara biyu. A gida ana nuna masa abinci, ana nuna masa ƙofa, ana kaɗa masa yatsa idan ya yi ɓarna, iyakar maganar ke nan. Kowace Lahadi kuma yana bencin gaba a coci cikin rigarsa mai guga, yana bin bakunan mutane da ido. Tana jami'a aka kira ta. Kwana huɗu yana riƙe da cikinsa, kowa ya ɗauka tsutsar ciki ce. Kafin a kai shi asibiti hanjinsa ya riga ya fashe. Shekararsa goma sha shida.

Bayan jana'izar ta yi wata takwas ba ta iya addu'a ba. Wata Lahadi, tana wucewa ta bayan kasuwar Karu, ta hango mutane kamar ashirin a wata rumfa, kurame ne suna ibada babu ko tari, hannaye ne kawai ke tashi suna sauka. Ta tsaya kallo har aka tashi. Mako na gaba ta dawo, ta ci gaba da dawowa har hannunta ya iya. A rumfar nan ta ga wata mata ta ba da labarin kurman da Yesu ya ja gefe shi kaɗai, nesa da taro. Sau nawa ta ji labarin nan da kunne bai taɓa ta ba. Ranar ta yi kuka har ta rasa hanyar tasha.

Da la'asar ta isa Kurudu. Mahaifiyarta ba ta dawo daga kasuwar kifi ta Kado ba. Mahaifinta, Baba Yamusa, yana bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, yana yanka irin doya yana barbaɗa wa kowane yanki toka. Gidajen haya sun cinye rabin gonakin unguwar, amma shi ya ƙi sakin tasa.

"Yau da wuri haka? Lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Sannu da aiki."

Ta durƙusa ta miƙa masa fom ɗin da hannu biyu. Bai karɓa ba, hannunsa duk toka. Ta riƙe masa ya karanta, leɓɓansa na motsi. Da ya kai ƙasa sai ya ɗauki wata doya ya ci gaba da yanka.

"Babu kurame a Abuja ne?"

"Akwai, Baba. Suna da malamai, suna da majami'arsu. Waɗancan ba su da kowa."

"Kin san hanyar nan? Kin san abin da ake yi wa matafiya a cikinta? In aka kira ni aka ce an ɗauke ki, wa zan je in kama?"

"Na yi addu'a a kan wannan shekara guda, Baba. Tsoron bai tafi ba, amma kiran ma bai tafi ba."

"Aikin gwamnati, Lydia. Duk danginmu wa ya taɓa shiga ofis in ba shara ba?"

Sai ta faɗi abin da ta yi niyyar ba za ta faɗa ba. "Watan jiya, ranar Lahadin bishara, kai ne ka tsaya gaban jama'a ka ce iyaye su saki 'ya'yansu."

Wuƙar ta tsaya. Ta zaci zai daka mata tsawa, amma da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa ce.

"Na faɗa. Kuma da gaske nake. Amma lokacin da nake faɗa, bencin samari nake kallo. Ko sau ɗaya ban juya wajenki ba." Ya jefa yankin doyar cikin kwando. "Biyu Allah ya ba ni. Na binne ɗaya."

"Saboda shi ne, Baba."

"Wato ni na kashe shi ke nan?"

"A'a! Wallahi ban taɓa tunanin haka ba. Ni ma ai ina gidan, ban koyi komai ba sai da ya tafi." Ta ci gaba: "Abin da ke hana ni sukuni, ban sani ba ko ya san sunansa Ebenezer. Shekara goma sha huɗu yana zaune gaban bagaden coci, ban sani ba ko ya san wa ake kira. Can akwai yara irinsa fiye da talatin. Ba zan iya zama ina buga hatimi ba, Baba. Na gwada."

Kiran sallah ya taso daga masallacin maƙwabta. Baba Yamusa ya ajiye wuƙar, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Ke da kika iya maganarsu," ya ce, "bari in tambaye ki. Rana ta uku da fara ciwon cikinsa, yana kwance kan tabarma a nan inda kike, ya kamo rigata. Ya yi haka."

Ya dunƙule hannun dama ya ɗora a ƙirji, ya buɗe shi a hankali, sannan ya taɓa goshinsa da yatsa biyu. Yadda ya yi shi babu tangarɗa, Lydia ta gane ba yau ya fara maimaitawa ba.

"Sau uku ya yi mini. Na gyaɗa masa kai kamar na gane. Me yake nufi?"

Ta ce ya sake. Ya sake. Ta lalubi duk abin da ta koya a shekarun nan, babu wanda ya yi kama da shi. Ta ga yadda yake jiran bakinta, ta san duk abin da ta ce zai karɓa. Tana iya cewa godiya ce, tana iya cewa yaron yana faɗin yana ƙaunarsa.

"Ban sani ba, Baba," ta ce, hawaye na zuba. "Ba a cikin abin da ake koyarwa yake ba. Nasa ne, shi ya ƙirƙira. Babu wanda ya sani sai shi."

Dattijon ya gyaɗa kai sau da yawa. Ya tashi da ƙyar ya nufi randa, ya wanke hannunsa har gwiwar hannu, ya goge a jikin wandonsa.

"Kawo biro."

Ya ɗora fom ɗin kan cinyarsa, ya rubuta sunansa harafi bayan harafi a layin shugaban kwamiti. Biron ya sauko layi na biyu, ya tsaya a kai. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihun rigarsa.

"Wannan sai uwarki ta dawo daga Kado," ya ce. "Kada ki ce mata komai. Ni zan gaya mata."