Fuskar Ranar Litinin

Duk ranar Litinin da safe ake ɗaukar fuskokin mako. Ɗaki ne ƙarami a hawa na biyu, bangonsa kore, da fitila mai zobe da kujera mara jingina. Anti Zafi za ta zauna, mai kyamara ya ce, "Mamaki," sai ta buɗe baki ta zaro ido. "Haushi," ta haɗe gira. "Dariya, ki rufe baki da hannu." Idan aka zo kan kuka sai ta ɗiga maganin ido, ta jira ya gangaro. Kafin shayinta ya huce an gama, an zuba hotunan a kwamfuta, a wani wuri da suke kira taska.

Abin da za a yi wa mamakin bai faru ba tukuna. Wanda za a yi wa kukan yana nan da ransa, wataƙila ma yana karyawa.

Kamfanin labarai ne na waya, na yara masu tasowa, irin waɗanda babban yatsansu ba ya hutawa. Shirinta ake kira Zafi-Zafi, a can ta samo sunan. Kowane bidiyo sai an manna masa fuskarta a gaba, don an gano yaran ba sa taɓa labari sai sun ga yadda ake so su ji. Ba mutum ke zaɓar fuskar ba. Na'ura ce ke sakin bidiyo da fuska biyu, rabin jama'a su ga wannan, rabi su ga waccan, wadda aka fi dannawa ita ke zama. Shugaban wurin yana alfahari da wannan tsari kamar shi ya haife shi. Ya hana a kira shi Oga, wai nan gida ɗaya ne, sai dai Babban Yaya. Yana korar mutane cikin murmushi.

Kawunta, yayan mahaifiyarta, shi ya riƙe ta tun rasuwar babanta. Kafinta ne, yana yin gadaje da kujeru a layin kafintoci da ke bayan tasha. Wayarsa mai maɓalli ce, ba ya kallon shirinta, amma duk wanda ya zo sayen gado sai ya ji cewa yarinyar nan ta cikin waya 'yarsa ce. Wata rana ya ga hotonta tana hawaye a wayar autarsa, hankalinsa ya tashi, ya kira ta.

"Uwata, wa ya taɓa ki?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ba shi labarin ranar Litinin da maganin ido. Sai ya ce, "Ikon Allah. Ashe har kuka ana ajiyewa."

Ranar Alhamis da hantsi tana gaban madubi ana gyara mata gira, sai wayarta ta yi ƙara. Auta ce, 'yar Kawu, tana haki.

"Anti, wuta ta tashi a layin su Baba. Shagon ya ƙone ƙurmus. Shi dai ya fito, ƙafarsa ce ta bugu."

Ta miƙe da gira ɗaya. Hanyar fita ta babban ɗakin aiki take bi, inda aka kafa ƙaton allo yana nuna bidiyon da ya fi tashe. Ta ɗaga kai don sabo, sai ta ga kanta. Hannu a baki, ido a lumshe, tana ƙyalƙyala dariya. A ƙasa an rubuta da jan rubutu: KALLI ABIN DA TSOHON NAN YA YI DA WUTA TA TASHI! Wani ɗan kallo ne ya ɗauka da waya ya turo musu. Tsoho ya fito daga cikin hayaƙi yana jan kan gadon da bai gama sassaƙawa ba, ya taka ruwan 'yan kwana-kwana, santsi ya kwashe shi, ya faɗi zaune, hularsa ta yi gefe. An maimaita faɗuwar a hankali, an sa mata kiɗa.

Ta san hular. Ita ta saya masa.

Mai yankan bidiyon, wanda suke kira Almakashi, yana zaune da abin ji a kunne yana taunar cingam. Ta fizge abin.

"Sauke wannan."

"Haba Anti, kunnena! Wanne?"

"Kawuna ne."

Ya kalli allon, ya kalle ta, ya daina tauna. "Wallahi ban sani ba. Ni kuka na sa da dariya, kamar kullum. Dariyar ce ta ci. Ko na mayar da kukan, injin zai dawo da ita. Saukewa kuma ba a hannuna take ba."

Babban Yaya yana ofishinsa na gilashi, a kan wata ƙatuwar ƙwallon roba da yake zama a kai maimakon kujera, wai don lafiyar baya.

"Ƙanwata! Kin ga yadda muke tashi yau?"

"A sauke shi. Gobara ce. Mutane sun rasa abin da suka tara, an sa ni ina musu dariya."

"Ba mu muka sa ba ai. Yara suka zaɓa. Mu muna sauraron matasa ne, shi ya bambanta mu da tsofaffin gidajen jarida." Ya ɗan yi lilo a kan ƙwallon. "Kuma da ba don dariyar nan ba, yaro nawa zai san an yi gobara? Wayar da kai muke yi."

"Tsohon nan shi ya raine ni."

Lilon ya tsaya. Ta ɗauka kunya ce ta kama shi, har ta fara sassauta murya. Ashe lissafi yake.

"Kawunki? Na jini?" Ya dafa tebur. "Ƙanwata, kin san abin da Allah ya ba mu? Ki ɗauki mai kyamara ku tafi yanzu. Anti Zafi ta gano tsohon da ta yi wa dariya kawunta ne. Ki rungume shi. Mu buɗe masa gidauniya, yara su tara masa, kowa ya ci riba. Amma na farkon dole ya zauna, in babu shi na biyun ba shi da ƙafa."

"Fuskata ce."

"Ranar Litinin kin ba mu ita," ya ce, da murmushin nan nasa.

Ta fita ba mai kyamara. A cikin motar haya ta riƙa lallashin kanta. Wayar Kawu mai maɓalli ce. Mutumin da shagonsa ya ƙone ba ya zaman kallon bidiyo. In ta riga kowa ta faɗa masa da bakinta, zai gane, ai ya san labarin taskar. Abin da take nema ke nan, ta riga hoton isa gida. A kujerar gabanta wasu 'yan makaranta biyu sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyatawa, kiɗan nan yana fita. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ta same shi a ƙofar gida a kan benci, benci na aikin hannunsa, ƙafa a naɗe da bandeji, riga duk baƙin hayaƙi. Maƙwabta suna ta zuwa jaje suna tafiya. Da suka gan ta sai gaisuwar ta gajarce, aka fara tuna ana da uzuri.

Ta durƙusa. "Kawu, sannu. Ya jiki? Ya muka ji da wannan abu?"

"Alhamdu lillahi."

Ta ga tafin hannunsa ya ɗuri ruwa inda ya riƙe katakon. Hannun da ya ɗaure mata takalmi ranar da ta fara zuwa makaranta. Duk jawabin da ta shirya a mota ya watse, kuka ya ƙwace mata, irin mai majina da shessheƙa, wanda ba a taɓa ɗauka a ɗakin kore ba don ba shi da kyan gani.

Auta ta fito da kofin ruwa a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Shekarunta ba su kai na yin katin zaɓe ba, amma babu bidiyon Zafi-Zafi da ya taɓa wuce ta.

"Anti, kin ga Baba ya yi suna? Na nuna masa tun ɗazu. 'Yan ajinmu duk sun turo mini, wai a gaida tsoho mai gado."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Murna take.

"Kawu, wallahi ba ni na sa ba. Hoton tsoho ne, na faɗa maka yadda ake yi, tun ranar..."

"Na sani," ya ce. "Ai kin gaya mini."

Bai ɗaga murya ba. Ya dube ta a tsanake, yadda yake duban katako in yana so ya san ko ƙwaro ya ci cikinsa. Ya kalli hawayen, ya kalli girar ɗaya da aka gyara da ɗayar da ba a gyara ba. Tun tana ƙarama uwata yake ce mata. Yau bai ce ba.

"To wannan fa," ya ce, "na wace rana ne?"

Duk rantsuwar da za ta yi, ta taɓa yin irinta a gaban fitila.

Auta ta ajiye kofin a kan benci. "Kai, Anti, wannan ya fi na cikin shirin kyau nesa ba kusa ba. Tsaya haka, kar ki goge." Ta ɗaga waya.

Anti Zafi ta so ta buge wayar. Amma kafin hannunta ya motsa, haɓarta ta riga ta karkata hagu da kanta, ɓangaren da ya fi karɓar haske. Kawu ya gani. Ya jawo sandar da aka ara masa, ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa ya shige gida.