Man Birki a Kan Harbin Rina

Ranar Talata ce, gari ya waye da hadari amma ruwa ya ƙi sauka, sai zufa kawai. Da azahar zan je gwajin tuƙi a wani gidan burodi da ke neman direban raba kaya. Yayana ne ya samo min hanyar, har ya ara min farar rigarsa. Tun da na bar makaranta na yi wankin mota, na yi dako, na dawo gareji, kuma wallahi na gaji da kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane.

Na biya garejin ne kawai don in yi wa Oga, maigidan garejin, sallama. Ya ce kafin in wuce in ɗauko masa jak na ɗaga mota a bayan wata tsohuwar mota da ta shekara a ajiye. Ashe rina ta yi gida a cikin but ɗin. Ina ɗaga murfin, ɗaya ta harbe ni a ƙasan girar hagu.

Da zafi, ban musa ba. Amma ba yau rina ta fara harbina ba. Na ce a ba ni ruwan sanyi in danna, kafin azahar kumburin ya sauka.

"Ruwan sanyi? Kai jariri ne?" in ji Oga. "Dogo, riƙe min shi."

Dogo, babban yaronsa, ya kama kaina kamar zai kwance injin. Oga ya zaro filaya a aljihu, wai zai cire ƙarin.

"Oga, don Allah! Rina ba ta barin ƙari, zuma ce ke bari!"

"Ka ji shi. Ni na koya maka riƙon sifana, yau kai za ka koya min ƙwaro."

Ya tsinci fatar, ya ja, ya sake ja. Bai samu komai ba sai jini. Sannan ya ce a miƙo man birki.

A garejinmu man birki shi ne likita. Ka yanke, man birki. Salansa ta ƙona ka, man birki. Ni ma na sha shafawa a gwiwa da yatsa. Amma wane mai hankali ne zai kai shi kusa da ido? Oga ya cika murfin kwalbar ya tuttula min. Ya gangara kai tsaye cikin idona.

Ihun da na yi ne ya tara mutane. Mai Fenti ya zo da gudu ya ce baƙin mai ke kashe zafin, ya lakato daga tire ya shafa min. Iya mai abinci ta ture shi.

"Ku matsa, azzalumai! Za ku makantar da ɗan mutane. Zo nan, ɗan nan."

Na ɗauka ruwa za ta zuba min. Albasa ta raba biyu ta murza a wurin.

Kowa da maganinsa, babu wanda ya tambaye ni. Ruwan da nake roƙo tun farko yana cikin jarka a bayansu, sai da na fizge na je na zuba wa kaina.

Duk da haka na tafi. Dogo ya kai ni a babur, yana ta cewa ai ya fara sauka. Manajan gidan burodin ya dubi fuskata, ya dubi rigar da ta sha baƙin mai.

"Malam, dambe ka yi?"

"Rina ce, ranka ya daɗe. Zan iya tuƙin."

"Da wane idon za ka duba madubin gefe?"

Ya miƙa makullin wa wani yaro da ke bayana a layi. Ina tsaye a bakin ƙofa yaron ya ja motar, har sau biyu tana mutuwa a hannunsa, amma aka ɗauke shi aikin.

A asibiti sun daɗe suna wanke idon kafin su rufe shi da bandeji. Da na koma gareji ɗaukar kayana, Oga ko kunya babu, ya leƙo daga ƙarƙashin mota.

"Ka gode wa Allah ina wurin. Ba don man birkin nan ba, da kanka ya kai girman taya."

Na kwashi kayana na fice, don in na tsaya sai an raba mu.

Abin da na rasa: aikin direba, farar rigar Yaya, rabin girar hagu, da karanta lambar mota daga nesa da idon nan.