Ɗakin Anselma

Tun da Marisela Quintanilla ta baro Birmingham ƙafarta ba ta sauka daga kan totur ba, wayarta kuma ba ta daina kuka a kujerar gefe ba. Ko ba ta duba ba ta san Nohemi ce daga Texas. Da abin ya ishe ta sai ta ɗauka.

"Kin isa?"

"Ke Nohemi, jirgi kika ba ni? Ina hanya."

"Yau Laraba fa, Marisela."

"Na gode, da ma na manta sunayen ranaku."

Nohemi ita ke riƙe da maganar Anselma Calmo a gidan da gwamnati ke ajiye yaran da suka tsallako iyakar Amurka ba uwa ba uba. Yarinyar ta taso daga duwatsun Guatemala ita kaɗai, tana neman kawunta Eulalio mai aikin kaji a Albertville. Ranar Asabar za ta cika sha takwas, kuma duk mai wannan aiki ya san abin da ranar ke zuwa da shi. In ba a damƙa yaro hannun mai riƙo kafin nan ba, da sassafe motar jami'an shige da fice za ta tsaya a ƙofa, a sa masa ankwa, a wuce da shi gidan tsare manya. Marisela ta taɓa ganin an yi, kuma har yau ba ta manta ba.

Takardun kawun sun kammala, an ɗauki hoton yatsunsa da na matarsa, ba a same su da komai ba. Abu ɗaya ya rage. Anselma na da farfaɗiya, don haka dole wani ya je ya ga gidan da idonsa kafin a sa hannu. Wanin nan kuwa ita ce Marisela.

Da ta shigo layin sai da ta sake duba lambar gidan. Ginin jan bulo, ciyawa an aske ta tas, ga gareji, ga fulawowi a bakin ƙofa. Mai rataye kaji a masana'anta? To, ba a raina kowa, in ji ta a ranta.

Eulalio na tsaye a baranda, gajeren dattijo, cikin farar riga sabuwa da ko karin ninkinta bai baje ba. Ya miƙo hannu, yatsun duk sun kumbura sun kanannaɗe saboda aiki.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Shigo, gidanki ne."

"Baba, Marisela kawai ya isa."

"To, ranki ya daɗe."

A falo matarsa Petrona na zaune a ɗan bakin kujera, gwiwoyi a haɗe, hannuwa a cinya, kamar mai jiran likita. A bayan gida wani kare yana ta haushi ba ƙaƙƙautawa. Marisela ta buɗe jakarta ta soma tambayoyin da ta saba: aiki, asibitin da ya fi kusa, makarantar da yarinya za ta shiga. Eulalio na amsawa daidai, gumi na bin wuyan sabuwar rigar. Ita dai hankalinta na kan agogo, tana lissafin in ta gama da wuri za ta rubuta rahoton a mota, Nohemi ta tura shi kafin a tashi ofis.

"Baba, a taimaka min da ruwa."

Ya miƙe da sauri ya nufi kicin, ita kuma ta bi shi, don da ma sai ta duba kicin ɗin. Ya buɗe kabad, gwangwanaye ne. Ya buɗe na kusa da shi, abincin kare. Ya yi 'yar dariya ya ce matar ce ta san wurin komai, ya ƙwala mata kira. Petrona ta zo ta tsaya tana kallon kabad-kabad ɗin ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ko guda ba.

Marisela ta juya. Ta leƙa ta taga, karen ya hango Eulalio, ya ƙara zabura kamar zai tsinke igiya.

"Ya sunan karenku?"

"Kare... ai kare muke ce masa."

"To. Nuna min inda Anselma za ta kwana."

Ya shige gaba da ƙarfin hali, ya kama ƙofar farko a lungu ya buɗe ta da fara'a. Injin wanki ne a ciki, da tsintsiya.

Petrona ta juya ta zuba masa magana da yarensu na Mam, ƙasa-ƙasa amma da zafi. Marisela ba ta jin Mam, sai dai faɗan matar da ta riga ta gargaɗi mijinta ba ya buƙatar tafinta.

"Gidan wa ye wannan, Baba?"

Eulalio ya mayar da ƙofar ya rufe.

"Baba Eulalio, don girman Allah, ba ni da lokaci. Gidan wa ye?"

"Na fastonmu ne," ya ce, idonsa a ƙasa. "Sun tafi aiki, shi ya ba ni makulli."

"Kuma wannan adireshin ka ba gwamnati? A duk takardun?"

"Ai ba ƙarya ba ce, ranki ya daɗe." Ya ɗago, kuma abin da ya fi ƙona mata rai, fuskarsa ba ta mai laifi ba ce, ta wanda aka yi wa mummunar fahimta ce. "Mu a garinmu in babban baƙo zai zo, ko masu neman aure, ba a tarbarsa a inda kaji ke shiga. Maƙwabci mai ɗakin siminti shi ke ba ka ɗakinsa, wannan ta kawo kwano, wancan ya kawo tebur. Baƙon ma ya sani, kowa ya sani. Girmamawa ce. Gwamnatin Amurka za ta aiko mutum takanas saboda 'yar ƙanwata, sai in kai ta wancan wuri? Ai na ci mutuncinki."

"Girmamawa!" Marisela ta dafe kai. "Baba, ka kashe ni da girmamawa. Ka san abin da ka yi kuwa? Gidan da aka bincika ba naka ba ne, mutanen da ke kwana a cikinsa ba a san su ba. Asabar fa, Baba! Asabar!"

Sai a lokacin ta ga tsoro ya shiga idonsa, kuma nan take ta yi da-na-sanin ihun.

"Kulle musu gidansu. Ka shige gaba, ina bin ka."

Tsohuwar motarsa ta bar kwalta ta hau hanyar tsakuwa, Marisela na biye, tana dukan sitiyari tana zagin kowa: shi, faston, Nohemi, da wanda ya zauna a ofis ya yanke cewa yaro na zama babba cikin dare ɗaya. Suka tsaya a gaban irin gidajen nan na kwano da ake jawowa da mota a ajiye. Fentin ya koɗe, an tokare matakalar da bulo. A gefe an shuka masara da wake, ga kaji suna tono.

Ciki ƙamshin dafaffiyar masara ne da sabulu. Petrona na shiga ta zama wata mace daban, ta tuɓe takalmi, ta sauke kofi daga ƙusa ba tare da ta duba ba, ta cika shi ta miƙa wa baƙuwar. Eulalio ya ja labule a ƙarshen lungu ya koma gefe yana jin kunya.

Ɗan ɗaki ne, an shafe shi da shuɗin fenti. Ba gado, katifa ce a ƙasa. Duk wata kusurwa, ta taga, ta ɗan tebur, ta bakin ƙofa, an naɗe ta da soso an ɗaure da kyau. An shimfiɗe ƙasan da guntayen kafet har ninki biyu. A bangon da ya raba ɗakin da nasu an huda 'yar kafa daidai kan katifar.

"Wannan fa?"

"Don mu ji ta," in ji Eulalio. "In abin zai zo mata takan yi wani ɗan sauti tukuna. Tun tana goye na san shi, ni nake riƙe mata kai in uwarta ta rikice. Gado kuwa faɗowa take yi. Na cire sakatar banɗaki ma, kar ta faɗi a ciki mu kasa shiga. Ki yi haƙuri da wurin, ranki ya daɗe, ba mu gama gyarawa ba."

Marisela ta shiga gidajen masu riƙo ba adadi, na masu kuɗi da na talakawa, ba ta taɓa ganin ɗakin da aka yi wa yaro tanadi irin wannan ba. Baƙin ciki ya rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

"Baba, da nan ka rubuta tun farko, wallahi da yanzu na sa hannu na kama hanya."

Ta tambayi wa ke kwana a kan doguwar kujerar falo, don ta ga bargo a ninke. Ƙanen Petrona ne, Cirilo, shi ma kaji yake yi. Babba ne, kuma ba a ɗauki yatsunsa ba.

Ta fita ta kira Nohemi daga cikin mota, ta zayyana mata komai.

"Ni dai ban ji komai ba," ta ce a ƙarshe. "Kin je gidan da ke takarda, kin gan shi, yana da kyau. Ƙarya na yi?"

"Nohemi."

"Sabon adireshi sabon bincike ne, ga yatsun wani ƙato. Kin san ba a gama wannan a kwana biyu. Ki rubuta jan bulon, yarinya ta hau jirgi ranar Juma'a, daga baya su ce sun ƙaura. Wa ya mutu?"

Marisela ta so ta yi. Allah ya sani ta so, har ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta. Amma takardar kotu can gidan fasto za ta je, mai bin sawu can zai je ya tarar ba yarinya, kuma ranar da abin ya tonu dattijon nan za a rubuta maƙaryaci, a ƙwace ta, a dawo kan duk yaran da ita Marisela ta taɓa sa wa hannu. Bayan haka ma akwai wani abu: ta yarda da zafin namanta. Ta sha fitar da yara a ƙurarren lokaci, ta ga wannan ma za ta iya.

"Gaskiya zan rubuta. Zan sa hotunan ɗakin. Duk wanda ya ga ɗakin nan zai sa hannu."

"Allah ya sa yana buɗe hotuna," in ji Nohemi, ta kashe.

Alhamis da asuba Marisela na ƙofar masana'anta tana jiran Cirilo. Saurayin ba shi da takardun zama, da ya ji maganar yatsu sai ya soma ja da baya yana cewa gara ya bar gidan. Petrona ce ta kama shi ta kwalar riga ta cusa shi a mota. Aka kai shi Huntsville aka ɗauki yatsun. Daga nan Marisela ta koma kan waya: ofishin bincike, lauyan yara, shugabarta, shugabar shugabarta. Wannan ya ce ba teburinsa ba ne, waccan ta ce tana taro. Abinci a tsaye take cinsa, in ta ci. Juma'a da rana binciken adireshin ya fito fes, ta yi ihu ita kaɗai a mota. Saura yatsun Cirilo. Ta roƙi jami'in da ke sa hannun ƙarshe ya sallami yarinyar da sharaɗin Cirilo ya kwana wani wuri. Mutumin bai yi mata rashin mutunci ba, ya ce ya ga hotunan, ɗakin ya burge shi, amma mai riƙon da ya taɓa ba da adireshin da ba nasa ba, ba a yi masa rangwame. Ta ci gaba da kira har wayar ofishin ta koma amsa kanta da kanta.

Asabar da safe Nohemi ta turo saƙo: sun zo, sun tafi da ita.

Marisela ba ta iya faɗin wannan ta waya ba, sai ta sake kama hanyar Albertville. Ta tarar an kafa tukunya a waje, matan coci na naɗe tamal, wato ƙullun masara, a ganyen ayaba, don ta ce musu a Juma'a akwai sauran fata, su kuma fatan suka ji. Eulalio na ganin fuskarta ta gilashin mota ya ajiye itacen da ke hannunsa. Ya zo har bakin ƙofar ya tsaya. Ta fito ta gaya masa yadda abin yake, ba ta rage ba ta ƙara. Ta ce lauya zai nemi a sake ta, abin zai ɗauki makonni, ko watanni, ko kuma a mayar da ita Guatemala. Matan suka daina naɗi.

"Malama," ya ce, "da kin rubuta gidan fasto, da yanzu tana nan?"

Ta so ta ce ba ta sani ba.

"Da tana nan, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai zage ta ba, ita kuwa ta fi son ya zage ta. Sannan ya ɗago.

"Sun bar ta ta tafi da maganinta? Da safe take sha. In ta tsallake ko sau ɗaya, abin yana zuwa."

Marisela ta laluba aljihu ta ciro wayar, ta soma neman lambar gidan tsare manyan, dattijon na tsaye a gabanta yana jira.